Tarihin Shaihu Rifa'atu Ɗahɗawi, Limamin da Ya Shiga Gidan Wasa a Baris

Wannan labarin wani malami ne na ƙasar Masar, Shaihu Rifa'atu ɗan Badawi, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗahɗawi. Ya haddace Alƙur'ani, ya yi karatu a masallacin Azhar har ya karantar a cikinsa, sa'an nan ƙaddara ta kai shi birnin Baris na ƙasar Faransa, ya zauna shekara biyar yana limanci. A can ya shiga gidajen da a ke wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa, ya zauna ya kalla da idonsa, ya komo ya rubuta wa mutanen ƙasarsa abin da ya gani da hukuncin da ya yanke a kansa. Yana cikin malaman Larabawa na farko da suka yi haka, saboda haka labarinsa ya cancanci malami da ɗan kasuwa su san shi.

An haife shi a shekarar 1801, wadda ta yi daidai da 1216 ta Hijira, a garin Ɗahɗa da ke kudancin Masar kusa da kogin Nilu. A wannan shekara ce rundunar Faransa ta fita daga Masar bayan ta mamaye ta shekara uku. Gidansu gidan sharifai ne, kuma dā suna da wadata. Amma da Muhammadu Ali Basha ya hau mulki, ya karɓe filayen da manyan gidaje su ke karɓar haraji a kansu, sai talauci ya shiga gidan. Mahaifinsa ya ɗauki iyali ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kuma cikin wannan yawo ne yaron ya haddace Alƙur'ani. Da mahaifin ya rasu, suka koma Ɗahɗa wajen kawunnansa, 'yan'uwan mahaifiyarsa, waɗanda malamai ne. A hannunsu ya fara karatun fiƙihu da nahawu.

A shekarar 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato, Rifa'atu ya shiga Azhar a birnin Alƙahira yana ɗan shekara 16. Ya karanta fiƙihu bisa mazhabar Imamu Shafi'i, da hadisi, da tafsiri, da luga. Cikin malamansa babu wanda ya kai Shaihu Hasanul Aɗɗar tasiri a kansa. Shi Aɗɗar ya zauna da masanan Faransa a zamanin mamaya, ya ga kayan awonsu da littattafansu, ya tabbata a ransa cewa Musulmi sun yi sake da ilmin lissafi da likita da labarin ƙasa wanda kakanninsu suka yi fice a kai. Ya kan kira Rifa'atu gidansa, ya karantar da shi tarihi da adabi da labarin ƙasa, fannonin da ba su cikin darasin masallaci a lokacin. Da Rifa'atu ya ƙare, ya zauna yana karantarwa a Azhar, amma abin hannu bai ishe shi ba, saboda haka a 1824 ya karɓi aikin limanci a cikin sojan Basha.

A shekarar 1826 Muhammadu Ali ya ƙudura aikawa da samari fiye da 40 zuwa Faransa, su koyo aikin soja, da likita, da gine-gine, da sha'anin mulki. Ana bukatar limami wanda zai ja su salla, ya tsare musu addininsu a ƙasar da ba a kiran salla. Aɗɗar ya ba da sunan almajirinsa, kuma ya yi masa wasiyya ya riƙa rubuta duk abin mamaki da ya gani a tafiyar. Suka shiga jirgin ruwan yaƙi na Faransa a Iskandariya, suka yi kwana 33 a Bahar Rum kafin su sauka a Marsiliya. Nan aka tsare su kwana 18 a gidan karantina, watau inda a ke killace baƙi don tsoron annoba. Tun a wannan gida halin Shaihu ya bayyana, gama bai wuce al'amarin haka kawai ba, sai da ya kawo saɓanin da malaman Tunis biyu suka yi a kan halaccin karantina, ɗaya Bamalike ɗaya Bahanafe. Tun a Marsiliya kuma ya soma koyon baƙaƙen Faransanci, alhali ba don karatu aka aiko shi ba. Da shugabannin tafiyar suka ga himmarsa, sai aka sa shi cikin ɗalibai, aka zaɓa masa fannin fassara.

A Baris ya zauna ƙarƙashin kulawar wani masani, Jomar, ya kuma yi abota da Dasasi, Bafaranshen da ya ƙware a Larabci. Ya karanta tarihi da lissafi da labarin ƙasa, ya karanta littattafan masu falsafarsu, da waƙoƙin Rasin, wanda ke cikin manyan masu tsara wasan kwaikwayo na ƙasar. Tun a farkon littafinsa ya kafa wa kansa ƙa'ida, cewa ba zai yaba wani abu na mutanen nan ba sai wanda bai saɓa wa nassin Shari'a ba. Da wannan ma'auni ya shiga asibitocinsu da makarantunsu da kasuwanninsu, da shi kuma ya shiga gidajen wasansu.

Ga yadda ya siffanta gidan wasan. Babban gini ne mai ƙubba, cikinsa benaye hawa-hawa, kowane hawa an kewaye shi da ƙananan ɗakuna masu fuskantar tsakiya, inda masu kallo ke zama. A gefe guda akwai dandamali mai faɗi wanda kowa ke hangensa daga inda ya zauna, nan 'yan wasa ke fitowa. A ƙasan dandamalin a ke zaunar da makaɗa. A bayansa akwai ɗakunan ajiya, cike da tufafi da kayan da a ke bukata. Manyan fitilu masu rassa suna rataye suna haskaka ɗakin duka. Akwai labule da a ke saukarwa in an ƙare, kuma Shaihu ya lura da wani rubutu da harshen Latin a jikinsa, mai nuna cewa wasa ya kan gyara ɗabi'un mutane. In za a yi wasa, sai a manna takardun shela a bangon gari, a kuma buga a jaridu, kowa ya san abin da za a nuna.

Wahala ta farko da ta same shi ita ce ta suna. Faransawa suna kiran wurin tiyatir, suna kuma kiransa sibiktakil, shi kuwa ya duba cikin Larabci bai sami kalmar da ta dace ba, ya kuma faɗi haka a fili. Ya rubuta kalmomin biyu da baƙaƙen Larabci, ya bayyana yadda a ke furta su da asalin ma'anarsu, sa'an nan ya kawo shawara a kira abin hayali, domin ya yi kusa da wasan inuwa da mutanen Masar da Turkawa suka sani. Mai karatu ya lura, wannan aikin malamin luga ne, wanda ba ya yarda ya yanke hukunci a kan abu sai ya san sunansa da haƙiƙarsa.

Sa'an nan ya juya ga 'yan wasan kansu, maza da mata. Da farko ya kwatanta su da awalim, watau zabiyoyin Masar da a ke kira gidan biki, don mai karatunsa ya sami abin kamawa. Amma nan take ya nuna bambanci. Ya ce na Baris mutane ne masu fasaha da ilmin harshe, waɗansunsu ma sun wallafa littattafai da waƙoƙi, kuma wanda ya ji yawan baitocin da ɗan wasa guda ke riƙewa a kansa, da irin zaurance da habaicin da ya ke mayarwa, lalle zai yi mamaki. Wannan shaida tana da nauyi, domin ta fito daga bakin mahaddaci, wanda ya san wahalar hadda da tilawa. Ya ƙara da cewa su kan saka mas'alolin ilmi masu wuya a cikin wasan, su yi zurfi a kansu har mai kallo ya zaci malamai ne.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne gwanintarsu ta kwaikwayo. In suna so su nuna labarin wani sarki, sai su mai da dandamalin fada, su sa wa ɗan wasa tufafin wannan sarki. In Sarkin Farisa ne, sai a yi masa shigar Farisawa, a ɗora shi bisa karaga. Ya ba da labarin wani dare da suka rufe wasa da siffar rana, suka sa ta tana tafiya, haskenta ya rinjayi na fitilu har mutane suka ga kamar gari ya waye. Ya kuma ce suna siffanta teku da raƙuman ruwansa, har tsagewar teku ga Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A shekarar 1827 kuwa, yana cikin birnin, babban gidan wasan Baris ya fitar da wasan waƙa na Rosini, mutumin Italiya, a kan ƙissar Annabi Musa da Fir'auna, wanda a ƙarshensa a ke nuna wannan tsagewa. Shaihu ya ambaci abin ne wajen bayanin gwanintar masu aikin. Mas'alar fitowar mutum cikin siffar annabi kuwa, malaman da suka zo bayansa ne suka fuskance ta. A 1926, shekara ɗari bayan tafiyarsa, wani kamfanin silima ya nemi ɗan wasan Masar Yusufu Wahabi ya fito a matsayin Manzon Allah, malaman Azhar suka tashi suka ƙi, aka fasa.

Bai tara gidajen wasan duka wuri guda ba, ya rarrabe su kamar yadda ɗan kasuwa ke rarrabe haja. Mafi girma shi ne wanda a ke kira Ofera, inda manyan makaɗa da gwanayen rawa su ke. A nan da waƙa a ke ba da labari, tare da kayan kiɗa, kuma masu rawa suna nuni da hannu da jiki irin nunin bebe, mai kallo ya gane ma'ana ba tare da an yi magana ba. Akwai wani ƙaramin Ofera na waƙoƙin raha. Akwai gidan Italiyawa, inda a ke rera baitoci da harshen Italiya, kuma ya shaidi makaɗansa da ƙwarewa. Akwai gidan Farankoni, inda a ke wasa da dawaki da giwaye. Akwai kuma wani na yara, wanda ya kwatanta da wasan masu dabo na Masar.

To, ga hukuncin da ya yanke. Ya ce wannan abu gaskiya ce aka sa mata rigar wasa, domin mutum ya kan ɗauki izina mai yawa a cikinsa. Yana ganin aikin kirki da mugun aiki a gabansa, ana yabon na farko ana zargin na biyu, kuma ko da ya ke akwai abin dariya, abin kuka ma yana da yawa. Ya ce a wurin mutanen nan gidan wasa kamar makaranta ce ta kowa da kowa, malami da jahili duk suna ƙaruwa a cikinta. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce ba don abubuwan fizgar Shaiɗan da suka yi yawa a cikinsa ba, da an lissafa shi cikin manyan abubuwa masu falala da amfani. Watau dai hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa, kuma Shaihu ya nuna wa mai karatunsa kowanne da sunansa.

Haka ya yi da rawa. Ya ce a Masar ta zamaninsa rawa sana'ar mata ce, ana yin ta don ta da sha'awa, a Baris kuwa fanni ce da maza da mata ke koyo, wani irin tsalle ne mai tsari wanda bai ji ƙanshin alfasha a cikinsa ba. Duk da haka bai ɓoye ba cewa akwai irin rawar da namiji ke riƙe ƙugun mace, kuma su ba su ɗauke shi aibi ba. A wani babi ya zargi mutanen birnin da ƙarancin kamun kai ga mata da yawa, da ƙarancin kishi ga maza, da rowa, da musun ƙaddara, alhali ya yabe su da cika alkawari da tsabta da son aiki. Da ya shiga kasuwarsu ma, ya ga bankuna da kamfanoni, ya ce ba don riba ta haram da ta gauraya da yawancin cinikinsu ba, da sun fi kowace al'umma kyawun nema. Ɗan kasuwa zai gane cewa mudu ɗaya ne Shaihu ya auna gidan wasa da kasuwa da shi.

A watan Yuli na 1830 yana Baris mutanen birnin suka yi bore, suka tumɓuke Sarki Sharl na goma cikin kwana uku, shi kuwa ya rubuta yadda abin ya gudana, ya kuma fassara tsarin mulkin ƙasar zuwa Larabci. A watan Oktoba na wannan shekara ya zauna jarrabawa, ya gabatar da fassarori 12 tare da littafin tafiyarsa. Ya koma Masar a 1831, ya tarar malaminsa Aɗɗar ya zama Shehun Azhar. A 1834 maɗaba'ar Bulaƙ ta buga littafin da sunan Tahlisul Ibrizi fi Talhisi Bariz, ma'ana tace zinariya tsantsa cikin taƙaita labarin Baris. Muhammadu Ali ya ji daɗinsa, ya sa aka juya shi da Turkanci, aka buga a 1839.

Daga nan aiki ya yi masa yawa. Ya yi tafinta a makarantar likita, sa'an nan a makarantar sojan igwa. A 1835 aka kafa Makarantar Harsuna bisa shawararsa, ya shugabance ta, shi da almajiransa suka juya littattafai masu yawa zuwa Larabci. A 1842 aka ba shi kula da jaridar gwamnati, Alwaƙa'i'ul Misriyya. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Da Abbas Basha ya hau a 1848, ya juya wa makarantun kakansa baya, Makarantar Harsuna ta mutu. A 1849 aka sake buga littafin Baris, mai ɗauke da labarin yadda talakawa suka tumɓuke sarki, kuma a 1850 aka tura Shaihu birnin Hartum na ƙasar Sudan ya riƙe makarantar yara. Shi kansa ya ɗauki wannan a matsayin kora. Ya yi shekara huɗu a can, waɗansu daga abokan aikinsa suka rasu a gabansa. Cikin wannan zaman ya fassara labarin Tilimak na Fenelon, labarin wani ɗan sarki da malaminsa ke yawo da shi yana nuna masa bambancin sarki adali da azzalumi. Wanda ya ce wasa ya kan ɗauki gaskiya a cikinsa, ga shi ya koma ga ƙagaggen labari don ya faɗi abin da ba ya faɗuwa a fili. An buga fassarar a Bairut a 1867.

Abbas ya mutu a 1854, Sa'idu Basha ya hau, Shaihu ya komo Alƙahira aka mai da shi aiki. A zamanin Hidiwi Isma'ila, wanda ya hau a 1863, aka ba shi shugabancin ofishin fassara. A wannan lokaci abin da ya je ya gani a Baris ya riga ya soma zuwa ƙasashen Larabawa da ƙafarsa. Wani attajirin Bairut, Kirista, mai suna Marun Naƙƙash, ya je Italiya a 1846, ya ga wasanninsu, ya komo ya shirya wasa da Larabci a cikin gidansa a kan wani marowaci. A watan Nuwamba na 1869, lokacin bikin buɗe hanyar ruwa ta Suwais, Isma'ila ya buɗe gidan Ofera a tsakiyar Alƙahira, kuma a watan Disamba na 1871 aka fara nuna Aida na Bardi a cikinsa, labarin da aka gina bisa Masar ta zamanin Fir'aunoni. Wannan gida ya tsaya har gobara ta cinye shi a 1971. A 1870 Yaƙubu Sanu'u ya fara shirya wasanni da Larabcin mutanen Masar. Almajirin Makarantar Harsuna kuma, Muhammadu Usmanu Jalal, ya ɗauki wasan Moliyar Bafaranshe a kan wani munafuki mai fakewa da addini don ya ci dukiyar mutane, ya mai da shi Shaihu Matluf, aka buga a 1873.

Gardamar kuwa ba ta ƙare da Rifa'atu ba. A Dimashƙa, Abu Halilu Ƙabbani ya kafa gidan wasa, waɗansu malamai suka kai ƙararsa cewa yana ɓata tarbiyya, aka rufe gidan, ya yi ƙaura zuwa Masar a 1884. Masu hani suna da hujjarsu, gama cuɗanyar maza da mata da shagala ga barin salla abubuwa ne da ba a musunsu. Masu halattawa ma suna da tasu. Kowane ɓangare in ya duba littafin Rifa'atu zai sami rabin maganarsa a ciki, domin ya riga ya rubuta amfanin da aibin a shafi ɗaya.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga tarbiyya. A 1870 ya riƙe mujallar ɗalibai mai suna Raudatul Madaris. Ya wallafa Almurshidul Amin, inda ya kafa hujja cewa 'ya'ya mata su ma a karantar da su. Aikinsa na ƙarshe shi ne tarihin Manzon Allah, Nihayatul Ijaz, wanda aka buga littafi bayan rasuwarsa. Ya rasu a Alƙahira a watan Mayu na 1873, daidai da 1290 ta Hijira, ya haura shekara 70.

Limamin da aka tura ya tsare wa samari addini yana da hanyoyi biyu masu sauƙi a gabansa. Yana iya rufe ƙofar ɗakinsa shekara biyar, ya komo ya la'anci abin da bai gani ba, mutane su yabe shi da tsantseni. Yana kuma iya ruɗuwa da fitilu da kiɗa, ya komo yana raina gidansu. Shaihu Rifa'atu ya ɗauki hanya ta uku, wadda ta fi wuya: ya je ya gani, gama gani ya kori ji, ya tambayi sunan abu da ma'anarsa, sa'an nan ya ɗora shi bisa ma'aunin da ya fita da shi daga Azhar. Malamai na iya saɓa masa a kan nauyin da ya ba wani abu, amma sun sami bayani daga wanda ya halarta, kuma shaidar wanda ya halarta ita alƙali ke nema kafin ya yi hukunci.

Allah ya jiƙan Shaihu Rifa'atu, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri bisa hidimar da ya yi wa ilmi, amin.